Babi na Shida: Sanƙarau Tsakanin Bariki da Zaure

Ba sai an gaya wa mutumin Gaya ko na Ajingi lokacin sanƙarau ba, domin cuta ce mai kiyaye watanninta. Takan fara leƙowa a tsakiyar hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari, leɓe ya tsattsage, hanci ya bushe; ta yi ƙarfi a cikin bazara, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafi ya kai matuƙa; sa'an nan, da zarar ruwan farko ya sauka ƙura ta kwanta, sai ta janye jiki, ko da kuwa ba wanda ya yi mata magani. Shekaru sukan shuɗe ba a ji ɗuriyarta ba sai ɗai-ɗai, har mutane su sakankance, kwatsam kuma wata shekara ta shigo da annoba, ta bi gida gida tun daga Kademi har Toranke.

Yaro yakan kwana lafiya lau, da hantsi ya ce kansa na sara, kafin azahar jiki ya yi zafi rau, ga amai, ga ƙin haske. Idan uwa ta tallafi ƙeyarsa don ta ɗaga kan, sai ta ji wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, kafaɗu suna tasowa tare da kai. Jinjiri kuwa wuyansa bai cika sanƙarewa ba. Maɗigarsa ce ke kumburowa, ya ƙi mama, ya yi ta tsala kuka. In ba a kai ga magani ba, cutar takan kashe kusan rabin waɗanda ta kama, wani ma cikin kwana guda. In an kai, duk da haka wajen ɗaya cikin goma yakan riga mu gidan gaskiya, kuma cikin waɗanda Allah ya tashi kafaɗunsu akwai masu fita da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta har iyakar rayuwa.

Abin da wannan babi yake nufin bayyanawa shi ne, mafi yawan ilmin da ake tunkarar wannan cuta da shi a yau, tun daga taswirar ƙasashen da take addaba har zuwa allurar farko da ta yi tasiri a kanta, likitocin soja ne suka samo shi, da dukiyar gwamnatocin da ke tsoron kada ciwo ya cinye musu mayaƙa tun ba su ga fagen fama ba. Wannan ilmi ya amfane mu, kuma musun haka butulci ne. Sai dai an yanka shi bisa awon soja, tamkar rigar da tela ya ɗinka wa ƙato sa'an nan aka miƙa wa yaro: ta rufe masa jiki, amma ba tasa ba ce, kuma sai da aka shekara kusan arba'in kafin a sami wanda ya zo ya auna yaron.

Musabbabin cutar wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani sai da madubin likita, wadda wani malamin likita a Biyana, Anton Weichselbaum, ya fara tantancewa a 1887. Abin mamaki a sha'aninta shi ne, mazauninta maƙogwaron masu lafiya ne: cikin mutum goma akan sami ɗaya yana ɗauke da ita bai sani ba, yana watsa ta ta numfashi da tari da atishawa. Sai an yi rashin sa'a, galibi idan ƙura da bushewar iska sun raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sa'an nan take kutsawa cikin jini, ta isa ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ta kumbura shi. Ƙwayar tana cikin wani kwanso na nau'in sukari, wanda ke kare ta daga sojojin jini, kuma da bambancin wannan kwanso ne masana suka kasa ta jinsi jinsi, suka yi musu laƙabi da haruffa, manyansu su ne: A, B, C, W, X da Y. Mai karatu ya riƙe waɗannan haruffa, domin dukan labarin da ke tafe a kansu ya rataya.

Dalilin da ya sa soja ya damu da sanƙarau a fili yake. Barikin kurata wuri ne da ake tara samari daga garuruwa dabam-dabam, kowa da ƙwayoyin maƙogwaronsa, a wahalar da su da rana, a cusa su ɗaki ɗaya da dare. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da cutar ta addabi barikin Caterham kusa da Landan a 1917, wani kyaftin na sashen likitocin sojan Ingila, J. A. Glover, ya riƙa shafo maƙogwaron sojoji yana ƙirga masu ɗauke da ƙwayar, sai ya lura cewa adadinsu yana hawa gwargwadon matsuwar gadaje, kuma idan suka haura ashirin cikin ɗari, to, annoba tana bakin ƙofa. Maganin da ya bayar ba na kwalba ba ne: a buɗe tagogi, a nisanta gado da gado da misalin ƙafa biyu da rabi. Da aka yi haka, adadin ya faɗi warwas.

Masu nazarin tarihin Musulunci ba za su ji wannan baƙon abu ba. Malaman tarihi sun ambaci ɗa'unin Amwas, wanda ya auka wa rundunar Musulmi a Sham a shekara ta 18 bayan Hijira, ya ɗauki Abu Ubaida ɗan Jarrahi da Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da su, da yadda Amru ɗan Asi, da ragamar ta koma hannunsa, ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, annobar ta lafa. Cutar dabam ce, amma hikimar ɗaya ce, kuma tana nuna cewa riƙon sababi bai taɓa cin karo da tawakkali ba. To, abin da Glover ya gani a bariki shi ne abin da ke cikin zaurukanmu. A daren hunturu, a ƙauyen ƙasar Ajingi, za ka tarar da almajirai ashirin ko fiye a zaure guda, kan wannan a ƙafar wancan, an toshe 'yar tagar da tsumma saboda sanyi, an saki asabari a ƙofa, ga hayaƙin kara bai gama fita ba. Hafsan soja yana iya ba da oda a raba gadaje kafin magariba; alaramma kuwa, ko magidancin da ke da ɗaki biyu da 'ya'ya goma sha biyu, sanin hukuncin bai ba shi filin zartar da shi ba.

Annobar sanƙarau ta farko da aka rubuta labarinta a Afirka ta Yamma ta auku ne a 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano, kuma rahotonta ya fito daga Zungeru, hedkwatar mulkin Arewa a wancan zamani. Tun daga nan ba ta daina dawowa ba. A annobar 1949 zuwa 1950 kaɗai an ƙidaya fiye da mutum 90,000 da suka kamu a lardunan Arewa, fiye da 14,000 suka rasu. Wanda ya tattara waɗannan labarai ya fitar da ƙa'ida daga cikinsu shi ne Léon Lapeyssonnie, likitan sojan Faransa, ɗan makarantar likitocin soja ta Pharo da ke Marsel a wancan zamani, wanda ya fara aikinsa da farautar ciwon barci a ƙasashen da Faransa ta mallaka. A 1963 ya wallafa wani dogon bincike a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya nuna cewa annobar tana da iyaka a doron ƙasa, watau wani ɗamara da ya ratsa Afirka kudu da Sahara, a yankin da ruwan shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal har Habasha, kuma Gaya da Ajingi suna tsakiyarsa sosai. Haka nan ya tabbata cewa jinsin A ne ke haddasa manyan annobai a wannan yanki.

A ɗaya gefen teku kuwa, sojan Amurka ya ɗauka ya gama da matsalar tun a Yaƙin Duniya na Biyu, domin an gano cewa idan aka ba kurata 'yan ƙwayoyin maganin salfa, sukan share ƙwayar daga maƙogwaro baki ɗaya. Aka yi shekara ashirin a kan haka, har 1963, lokacin da aka fara cin karo da ƙwayoyin da maganin ba ya ci. Al'amarin ya tsananta a barikin Fort Ord da ke Kalifoniya, har aka dakatar da ɗaukar kurata a can a ƙarshen 1964, alhali yaƙin Biyetnam yana neman samari dubbai. Wannan larura ce ta sa Cibiyar Bincike ta Soja ta Walter Reed ta ɗora wa mutum uku nauyin neman mafita: Malcolm Artenstein, da Irving Goldschneider, da Emil Gotschlich. Suka ɗebi jinin kurata kusan 15,000 ranar da suka shiga barikin Fort Dix, suka adana, suka jira. Da wasu suka kamu, sai aka koma ga jininsu na ranar farko, aka tarar kusan dukansu ba su da sinadarin garkuwa mai kashe ƙwayar tun asali. Da wannan hujja ta tabbata, sauran aiki shi ne a koya wa jiki yin wannan sinadari. Gotschlich ya gano dabarar ciro kwanson sukarin nan shi kaɗai, tsarkakakke, ba tare da ya farfashe ba, ya fara gwada shi a jikinsa, aka wallafa sakamakon a 1969. Da aka yi wa kurata 13,763 allurar jinsin C, wanda shi ne ke damun barikokinsu a lokacin, cutar ta ragu da kashi 87 cikin ɗari, kuma daga 1971 aka wajabta ta a kan kowane kurtu.

Allurar jinsin A, wadda mu muke bukata, da dabarar nan ɗaya aka yi ta, amma tun da babu annobar A a Amurka, dole a zo inda take a gwada. Lapeyssonnie ya shiga tsakani, kamfanin Mérieux na Faransa ya sarrafa maganin, cibiyar binciken sojan ruwan Amurka da ke Alƙahira a lokacin ta ba da ma'aikata. A nan arewacin Nijeriya aka yi babban gwaji a 1971, bai ba da sakamako ba, daga baya aka fahimci cewa zafin ƙasarmu ya lalata sukarin kafin ya shiga jikin mutane. Aka gyara yadda ake adana shi, aka sake gwadawa a Iskandariyya ta Masar a kan 'yan makaranta fiye da 62,000, ba ko ɗaya da jinsin A ya kama, sa'an nan Sudan ta tabbatar da haka a 1973. Duk alhajin Gaya da ya miƙa dantse aka yi masa allurar sanƙarau kafin a buga masa katin tafiya, jikanyar wannan aiki ya karɓa, domin bayan annobar da ta ɓarke a Makka a aikin Hajjin 1987 ne hukumomin Saudiyya suka shar'anta ta a kan mahajjata.

A nan ne awon soja ya bayyana. Jikin ɗan Adam ba ya riƙe karatun sukari tsagwaronsa: yakan yi garkuwa, amma bayan shekara biyu ko uku sai ta dushe, a ƙananan yara ma tun kafin haka, kuma allurar ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro, don haka wanda aka yi wa yana iya ci gaba da raba ta ga maƙwabta. Ga kurtu wannan ba aibi ba ne, gama baligi ne, kuma hatsarinsa na makonni takwas ɗin horo ne kawai. Ga yarinya 'yar shekara biyu a Balare, wadda za ta fuskanci bazara ashirin ko talatin a cikin ɗamarar Lapeyssonnie, aibi ne babba. Saboda haka ba a iya sa allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum ba. Sai dai a jira annoba ta tashi, a ƙirga, a kai rahoto, a nemi magani daga ƙasashen waje, ya iso bayan makonni, sau da yawa tare da hadarin farko. Haka aka yi a 1996, shekarar da dattawa ba su manta ba, inda aka rubuta mutum 109,580 da suka kamu a Nijeriya, 11,717 suka rasu, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, Asibitin Zana ya cika ya batse. An yi wa miliyoyi allura, amma bayan an riga an yi jana'izar dubbai.

A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a wancan asibiti, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan ba aikin soja ba ne, amma ya shafi duk mai bincike da zai zo bayansa, da kaki ko da farar riga, domin ya bar tabo a zukatan jama'a wanda ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003.

Gyaran aibin allurar kuwa sananne ne tun da daɗewa. Idan aka ɗaure sukarin a jikin wani furotin da jiki ya saba ganewa, sai garkuwa ta riƙe karatun, ta daɗe, ta yi aiki a jarirai, ta kuma share maƙogwaro. Ingila ta fara yi wa 'ya'yanta irin wannan allura ta jinsin C a 1999. Ta jinsin A ba wanda ya kai ta kasuwa, domin babu rundunar da ke bukatarta, babu kuma kasuwar da za ta biya. Sai a 2001 aka kafa wani shiri na musamman tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, da dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates, kuma a wannan karo aka fara da tambayar ma'aikatun lafiya na ƙasashenmu abin da za su iya saya. Amsarsu ta zama sharaɗi: kada kowace allura ta kai rabin dala. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya karɓi aikin, aka sami MenAfriVac, aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso a Disamba 2010, Nijeriya ta fara a 2011, ana yi wa duk mai shekara 1 zuwa 29. An kuma tabbatar tana jure zafin da ya kai digiri 40 har kwana huɗu ba tare da ƙanƙara ba, abin da ya ba mai allura damar ɗaukarta a babur zuwa rugar da ba ta taɓa ganin lantarki ba. Tun daga 2017 ba a sake tabbatar da sanƙarau na jinsin A ba a ɗamarar baki ɗaya.

Amma ƙwayar tana da sauran haruffa. Wani sabon nau'in jinsin C ya ɓulla a ƙasar Sakkwato a 2013, ya auka wa Yamai a 2015, sa'an nan a bazarar 2017 ya kama fiye da mutum 14,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 1,100, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai haɗe jinsi biyar, A da C da W da Y da X, kuma Jigawa, wadda Gaya da Ajingi suke iyaka da ita, tana cikin jihohin da aka fara da su. Harafin X abin lura ne, domin jinsi ne da ya yi ɓarna a Nijar a 2006, alhali bai taɓa zama abin damuwa a barikokin Turai ko Amurka ba. Shigarsa cikin kwalbar shaida ce cewa da mu aka yi lissafi.

Binciken soja bai ƙare a ƙasarmu ba. Tun 2005 Ma'aikatar Tsaro ta Nijeriya take aiki tare da cibiyar Walter Reed a asibitocin soja, a kan cuta mai karya garkuwar jiki da zazzaɓin cizon sauro, daga baya har da Ebola da zazzaɓin Lassa, kuma farar hula da yawa suna samun magani ta wannan hanya. Abin a yi maraba da shi ne, matuƙar an san haddinsa: mai biyan kuɗin bincike shi ke zaɓen mas'alar da za a bincika, kuma runduna, tamu ko ta wasu, lafiyar mayaƙanta za ta fara dubawa.

Akwai kuma aikin da ba wata runduna da za ta yi mana. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, a yankin da ke da mutum 100,000, idan aka sami uku da ake zargi a mako guda a shiga shiri, idan suka kai goma annoba ta tabbata. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya wajen mutum 200,000, Ajingi fiye da 170,000, don haka 'yan yara kaɗan da aka ɓoye a ɗaka ana yi musu turare sun isa su jinkirta ƙararrawar ƙaramar hukuma ɗungum. Ƙirgen ma bai wadatar ba sai an san harafin, kuma ba a saninsa sai malamin asibiti ya lanƙwasa yaron a gefensa, ya soka allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya, ya ɗigo ruwan laka, wanda a mai lafiya garau yake, a mai sanƙarau kuwa gurɓatacce. Iyaye da yawa suna tsoron wannan allura, suna cewa ita ke gurgunta yaro, alhali cutar ce ke yin haka. Ruwan nan ana zuba shi a wata 'yar kwalba ta musamman, ba a sa shi a firji domin sanyi yana kashe ƙwayar, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya kama hanyar Wudil da shi zuwa Kano. Daga abin da aka karanta a cikinsa ne ake sanin allurar da za a aiko, kuma daga tarin irinsa ne masu bincike za su san harafin da za su sa a kwalbar gaba. Saboda haka wajibi ne a kan dagaci da mai unguwa da liman da alaramma su sa a kai mai ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya asibiti a ranar da abin ya fara, wajibi ne kuma a kan hukuma ta tanadi kwalaben, da maganin seftiriyazon, da man babur, tun kafin Janairu ya kama.